Hutun 'yan kwanaki a bakin teku ba tare da mota ba: Lamu ko Sawira?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Abban Hanif zai samu ɗan hutu a wurin aiki, kuma ya ce wannan karon waje yake so mu fita, wani gari a bakin teku. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai taɓa sitiyari ba, ba zai yi hayar mota ba, ba ya kuma son garin da za mu wuni muna ciniki da masu tasi. Kullum yana kan hanyar Kano zuwa Kaduna, ya gaji da ƙarar inji. Yara za mu bar su wurin Hajiya. Ni kuma nawa sharaɗin, abincin da zan ci ba sai na tsaya tambayar yadda aka yanka ba, da masallaci kusa. Ban da Dubai don Allah.

Anti Rabi Kumasi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Me zai kai ki nesa? Ku zo Gana. Da fasfonku na Najeriya ba ruwanku da biza. Ku sauka Ankara, ku hau bas zuwa Kef Kwas, ga Elmina a gefenta, inda Turawan Fotugal suka gina gidansu mai ganuwa tun 1482, wanda daga baya aka riƙa tsare bayi a cikinsa. Akwai zango, akwai masallatai, za ki yi cefane da Hausa a kasuwar Kotokuraba.

Injiniya Sabo:
Anti, Kef Kwas ta cancanci a je, amma ba ita Maman Hanif ta siffanta ba. Masaukan da ke bakin ruwa a warwatse suke, tsakanin Kef Kwas da Elmina ma sai da tasi. Ga cunkoson Kasoa kafin a fita daga Ankara. Kuma gidajen bayin nan ba wurin hutu ba ne. Mutum ya shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare mutane kafin a loda su a jirgi, ya fito da nauyin zuciya.

Maman Hanif, abin da kika lissafa kaf, Lamu ce. Tsibiri ne a arewacin gaɓar Kenya. Na zauna Mombasa saboda aiki, kuma can muke gudu idan kai ya ɗau zafi. Garin ba wai hana mota aka yi da doka kawai ba, lungunan ne ba za su ɗauke ta ba. Ki ƙaddara lungunan cikin birnin Kano, wajen Kurmi, sai dai gidajen benaye ne na dutsen murjani, masu ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa. Wani lungun in jaki ya taho da buhunan siminti sai kin manne da bango ya wuce. In ban da motar asibiti da 'yan ƙalilan na hukuma, ba za ki ga mai ƙafa huɗu ba sai jaki. Har asibitin jakuna gare su a bakin ruwa, tun 1987. Garin ya haura shekara 700 mutane na zaune a cikinsa ba yankewa, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kusan kowa Musulmi ne. Kiran salla zai tashe ki ta ko'ina, maza da farar doguwar riga da hula, mata da baƙin lulluɓi. Ba wanda zai kalli hijabinki sau biyu.

Maman Hanif:
Ikon Allah. To Injiniya ta ina ake shiga tsibirin in ba mota?

Injiniya Sabo:
Filin jirgin saman yana wani tsibirin da ke fuskantarsa, Manda. Kina sauka ki taka 'yan mintuna zuwa bakin ruwa, ki shiga kwale-kwale mai inji, cikin kamar minti goma kina Lamu. Wannan tsallakawar ita kaɗai ta isa ta sauke wa Abban Hanif gajiyar hanyar Kaduna: garin yana matsowa a hankali, fararen gidaje a jere, jiragen katako masu tafiya da iska a ɗaure, yara na tsalle daga kan matakala suna faɗawa ruwa.

Malam Tukur:
Ni dai tambayata, kuɗin da za a kashe a je kallon jakuna a wata ƙasa, ba gara a ƙara a kai a tafi Umara ba? Jaki kuwa ai ko a Bichi akwai shi.

Ummita:
Malam, da girmanka, ba ta ce ba su je Umara ba, ba ta kuma tambayi wanne ya fi lada ba. Miji ya ce zai fita da matarsa su huta, a ƙasar nan da ba kowane namiji ke tuna haka ba, ai addu'a ya kamata a yi masa. Umara kuma ibada ce, wanda ya je ya san ba hutu ake yi ba.

Malam Tukur:
Allah ya ba ki haƙuri 'yata, ban ce haramun ba ne. Allah ya kai su lafiya.

Elhaj Ɗan Damagaram:
Ku tsaya ku ji ta bakin Nijar. Ni Sawira zan ce, a Maroko, bakin Atlantika. Cikin ganuwar garin mota ba ta shiga. Kar ɗin, wato bas ɗin, da ya kawo ku daga Marakesh zai ajiye ku kusa da ƙofar gari, masu amalanken hannu na tsaye, su loda kayanku su tura har ƙofar masauki. Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, kuma da tsari aka gina shi, manyan titunan a miƙe suke, ba za ki ɓata ba yadda ake ɓata a Fas. A zamanin da, ayarin da ke ƙetare Sahara daga Tumbuktu nan suke sauke kaya a hau da su jirgi. Ita ma UNESCO ta sa ta a 2001, sai Injiniya ya daina yi mana alfahari.

Abin da ya fi kama ni can shi ne tashar masunta da hantsi. Ƙananan jirage shuɗɗa cunkus, tsuntsayen teku na ihu a kanka suna jiran a jefar da hanjin kifi. Ka zaɓi sadin ɗinka ɗanye a kan tebur, a gasa maka nan take a kan gawayi, da gishiri da lemun tsami da burodi. Daga nan ka hau kan ganuwa inda tsofaffin igwa ke jere suna fuskantar teku. Ga shi Malikawa ne irinmu, limami ya tada salla da ƙira'ar Warshu, ka ji kamar a gida kake. Masu kiɗan Ginawa ma, da garayarsu mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa, jikokin mutanen da aka kwasa daga kudancin Sahara ne, har yau ana ambaton Hausa da Bambara a waƙoƙinsu.

Injiniya Sabo:
Elhaj, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka ɓoye mata iska.

Elhaj Ɗan Damagaram:
Ban ɓoye ba, ban kai wurin ba ne. E, akwai iska, musamman Yuli da Agusta. Ruwan kuma da sanyi.

Injiniya Sabo:
Iskar da Turawa ke tasowa daga ƙasashensu don ta ja su a kan allo cikin teku ba ƙaramar iska ba ce. Maman Hanif za ta zauna bakin rairayi da mayafi, yashi na dukan fuskarta. Sannan kai ɗan Nijar ne, kun daɗe kuna shiga Maroko ba biza, ga jirgi daga Yamai kai tsaye zuwa Kasabalanka. Ita da fasfon Najeriya sai ta nemi biza. Bayan ta sauka Kasabalanka ta hau jirgin ƙasa kusan awa uku zuwa Marakesh, ta sake hawa bas wata awa ukun. Mutumin da ya ce ya gaji da hanya ke nan.

Elhaj Ɗan Damagaram:
To Lamun taka a bayan gida take? Faɗa mata jirage nawa za ta hau.

Injiniya Sabo:
Wannan kam ka kama ni a daidai. Maman Hanif, daga Kano akwai Ethiopian zuwa Addis Ababa, daga can Nairobi. Ko ku bi ta Legas da Kenya Airways, kamar awa biyar. Daga Nairobi sai ƙaramin jirgi zuwa Manda, awa ɗaya da wani abu. Ki lura da abu biyu. Nairobi filin jirgi biyu ne: babban da za ku sauka, Jomo Kenyatta, da ƙaramin da ake kira Wilson, inda Safarilink da Skyward ke tashi. Jambojet kuwa daga babban take tashi. In tikitinku na Wilson ne, ku bar tazara mai yawa, cunkoson Nairobi ba ya jin roƙo. Na biyu, ƙananan jiragen nan suna iyakance kaya, wasu kilo 15 ne kacal, kuma sun fi son jaka mai laushi a kan akwati. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Gaskiyar magana, ko Lamu ko Sawira, yini guda zai tafi a zuwa, yini guda a dawowa. Shi ya sa shawarata ita ce duk wanda kuka zaɓa, ku tsaya a nan ɗin. Za a zo ana ce muku tun da kun zo Kenya ai sai ku leƙa Masai Mara ku ga zakuna, ku biya Mombasa, ku tsallaka Zanzibar. Kada ku saurara. Da zarar kun fara haɗa gari biyu uku, kun koma ɗaure jaka da kwancewa, da tashin asuba don kada jirgi ya tafi, kuma Abban Hanif zai koma ofis ya fi yadda ya tafi gajiya.

Ummita:
Ni abin da ya tsaya mini a rai tsaro ne. Ba Lamu ba ce kusa da Somaliya? Muna jin labarin Al-Shabab a can.

Injiniya Sabo:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan shafa mata mai ba. Sunan Lamu na gari ne, na tsibiri ne, kuma na gunduma ce babba da ta miƙe har iyakar Somaliya. Matsalar tana ɓangaren tudu. A Yunin 2014 an kai hari Mpeketoni aka kashe mutum sama da 60. A Janairun 2020 an kai wa sansanin soja na Manda Bay hari, shi ma a ɓangaren tudu yake duk da sunansa. Dajin Boni har yau sojoji na fama a cikinsa. A 2011 kuma an taɓa sace wata Bafaranshiya daga tsibirin Manda. To amma gargaɗin tafiya na gwamnatin Ingila, wanda ya ce a guji gundumar, ya ware tsibirin Lamu da na Manda daga ciki. Abin da na sani a aikace shi ne: ku shiga ta sama, ku fita ta sama. Kada wani ya ce bas daga Malindi zuwa Mokowe, inda ake hawa kwale-kwalen Lamu daga tudu, ya fi araha ku biye masa. Kuma ku sake duba labarai a makon da za ku tashi.

Bappa Garwa:
Ni na so in ce Kiribi a nan Kamaru, inda ruwan Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku, ga kifi da jatan lande. Amma tun da babu son hawa abin hawa, na janye, don can komai sai da babur.

Anti Rabi Kumasi:
Injiniya, ka yabi garin nan da yawa. Faɗi aibinsa mu ji, don babu garin da ba shi da shi.

Injiniya Sabo:
Anti, akwai. Inda jakuna suka yi yawa kin san abin da ke ƙasa, sai ana duba inda ake taka ƙafa. Magudanan ruwa a buɗe suke a gefen lungu, in rana ta take akwai wari a wasu wuraren. 'Yan acaɓa sun shigo a shekarun nan, suna zirga-zirga a bakin ruwa, dattawan gari na ta ƙorafi a kansu. Sannan kina sauka daga kwale-kwale matasa za su yanyame ki, kowa kyaftin ne, kowa na da jirgin da zai kai ki yawo. Ba faɗa suke ba, amma suna da naci. Ki ce kin riga kin yi magana da mai masaukinki, su ƙyale ki.

Saboda haka ni da zan zaɓa muku, ku kwana a Shela, ba cikin tsohon garin ba. Ƙauye ne kamar kilomita uku kudu da gari, ya fi tsabta, ya fi shiru, kuma daga bakinsa rairayi ya miƙe kilomita 12, da tuddan yashi a bayansa, ba gini ba rumfa. Daga ƙarƙashin tuddan nan ma ake samo ruwan shan garin. In kuna son shiga gari ku hau kwale-kwale, ko ku taka ta bakin ruwa da sanyin safiya, kamar minti arba'in. Sai dai Shela ta fi tsada, don Turawa masu kuɗi sun sayi gidaje da yawa a can, kuma a nan ne za ki ga masu shigar da ba ta yi miki ba. Ku ɗan yi nisa a kan rairayin, za ku samu wurin da ba kowa sai ku.

Maman Hanif:
To in mun je me za mu riƙa yi? Kada mu kashe kuɗi mu je muna kallon juna.

Ummita:
Yaya, ai kallon junan aka je yi.

Injiniya Sabo:
Ummita ta riga ni. Amma ga yadda yini ke tafiya. Bayan asuba ku fita rairayi kafin rana ta yi zafi. Ku dawo ku karya da wani fankensu mai kwakwa da shayi mai kayan ƙamshi. Da hantsi ku shiga gari: gidan tarihi yana bakin ruwa, ga tsohuwar ganuwar da aka gama wajen 1821 da taimakon Omanawa, wadda daga baya ta zama kurkuku har zuwa 1984. A gabanta akwai fili da manyan bishiyoyi inda dattawa ke zama suna dara, kasuwa na gefe. Azahar zuwa la'asar gari yakan mutu, shaguna a rufe, ku ma ku kwanta. Da yamma ku hau jirgin katako. Wannan kada ku bari ya wuce ku. Za a kashe inji, a saki babban ƙyallen nan mai kusurwa uku, iska ta cika shi, jirgin ya ɗan karkata gefe guda, sai matuƙan su sa wani katako a gefe ɗayansu ya hau ya zauna a kai don ya daidaita nauyi. Ba abin da za ki ji sai ruwa na dukan katako. Ku tabbata akwai rigar kariya a jirgin kafin ku shiga.

Abinci kuwa, shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, kifi gasasshe da aka shafe da miyar kwakwa da tsamiya, ruwan tsamiya mai sanyi, da daddare kuma gahawa mai ɗaci da alewa a bakin ruwa. In kuna da sauran kuzari wata rana, akwai kufan Takwa a Manda, garin da aka watse aka bari tun ƙarni na 17, masallacinsa na nan a tsaye. Ana shiga ta wata siririyar hanyar ruwa ne, sai teku ya ciko, don haka matuƙi ne zai faɗa muku lokaci, ba ku ba.

Malam Tukur:
Tun da an zo maganar masallaci, na san sunan Lamu ta wajen Maulidi. Akwai masallacin Riyadha, na Habib Salihu, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro, ya rasu 1935. Mutane na zuwa daga ko'ina a gabashin Afirka a Rabi'ul Awwal. Ki gaya wa maigidan Shafi'awa ne, zai ji limami na bayyana bisimilla, ana ƙunutin asuba da ƙarfi bayan ruku'u. Kada ya ɗauka kuskure aka yi.

Injiniya Sabo:
Allah ya saka, Malam. Wannan ya kawo mu maganar lokaci. In hutu ake nema, a kauce wa makon Maulidi da bikin al'adun da ake yi wajen Nuwamba, mai tseren jakuna da na jirage. Suna da daɗin kallo, amma gari cika yake, masauki ya yi wuya. Afrilu zuwa Yuni damina ce, wasu masaukan ma rufewa suke. Yuli da Agusta akwai iska, ruwa ya gurɓace. Ƙarshen Disamba farashi na hawa sama. Janairu zuwa farkon Maris ruwa garau yake, sai dai zafi.

Elhaj Ɗan Damagaram:
Haka Sawira, a guji makon bikin Ginawa wajen Yuni, wanda ake yi tun 1998. Satumba da Oktoba iskar takan lafa. Na faɗa ne don masu karatu daga Nijar, tun da na ga an riga an sace zuciyar Maman Hanif.

Ummita:
Bari in sa bakin ma'aikaciyar jinya. Ku tafi da katin rigakafin shawara, za a iya tambayarku a filin jirgi. Gaɓar Kenya akwai sauro, ku tabbata gadon na da gidan sauro. Ruwan gora za ku sha. Kuma Yaya, in ɗayanku na da ciwon gwiwa, ku tambayi hawa na nawa ɗakin yake, don na ga hotunan gidajen, matakalar a tsaye take.

Injiniya Sabo:
Gaskiya ne, kuma ɗakin sama shi ne mai iska, sai a zaɓa tsakanin gwiwa da zufa. Shiga kwale-kwale ma in ruwa ya janye, a Shela wani lokaci sai an tuɓe takalmi an taka cikin ruwa. Ki sa silifas, ki ajiye takalmin biki a gida.

Maman Hanif:
Na karanta wa Abban Hanif duka. Da aka zo wurin kashe injin jirgi ya ce a tsaya nan, ya zaɓa. Elhaj ka yi haƙuri, Sawira sai wani karon. Saura biza da kuɗi, yaya ake yi?

Injiniya Sabo:
Kenya ta soke biza a Janairun 2024 ta koma izinin da ake cikewa ta intanet, a 2025 kuma ta ɗauke wa yawancin ƙasashen Afirka shi. Duk da haka ku duba shafin hukumar shige da ficensu kafin ku biya tikiti, kuma ku riƙe shaidar masauki da tikitin dawowa a hannu. Kuɗi kuwa, kada ku dogara da katin naira. Ku tafi da dala, ku canza zuwa sulen Kenya a Nairobi. A filin jirgi ku sayi layin Safaricom da fasfonku, ku sa a buɗe muku M-Pesa, don can har mai kwale-kwale da mai sayar da gahawa da waya ake biyansu. Ku bar 'yan canji a aljihu saboda masu ɗaukar kaya. Kuɗin jirgin yamma kuma a yi cinikinsa a tudu, a faɗi awa nawa, a faɗi ko ku kaɗai ne ko da wasu, kafin ƙafarku ta taɓa jirgin.

Anti Rabi Kumasi:
To Allah ya kai ku lafiya ƙanwata. Kilo 15 ɗin nan fa da ke ake, ba da shi ba.

Maman Hanif:
Anti, shi ne abin da ke damuna tun ɗazu. Injiniya, in mun bi Jambojet daga babban filin, akwati zai shiga?

Injiniya Sabo:
Zai shiga, jirginsu ya fi girma, amma kuɗin kaya daban ake biya, ki saye shi tare da tikiti ya fi sauƙi. Ki dai tuna duk abin da kika ɗauko, a ka ko a bayan jaki za a kai shi masauki.